Milimita nawa ya kamata shakazobar keken gangara ta nutse?

Nura: Assalamu alaikum manyanmu. Tambaya gare ni a kan keken sukuwa a gangaren dutse. Akwai iri biyu da suka yi kama a ido: na enduro (wanda ake iya takawa a hau tudu a kuma sauko da shi) mai zurfin shakazoba milimita 170 a gaba da 160 a baya, sai na gangara zalla mai 200 gaba da baya. A ce mutum kilo 75 ne, da hular kwano da sauran kayan kariya ya kai 80, kuma zai riƙa hawa a filin keke mai kujerun igiya da ke ɗaukar mutum da kekensa zuwa saman dutse. Shin 200 ɗin dole ne, ko 170 ya wadatar? Me ya sa kuma ba a yin 250 ko 300, tunda an ce zurfin ne ke shanye duka?

Malam Habu Mai Keke: Wa alaikumus salam ƙanena. Amsa a taƙaice: idan hanyar gangara ce ta gaske, mai tulin duwatsu da saiwoyi da tsalle, kuma ba da ƙafarka za ka hau dutsen ba, ka ɗauki mai 200. Shi ne abin da kusan kowa ke hawa a gasar cin kofin duniya ta UCI, hukumar tseren keke ta duniya. A gaba za ka ga fok, wato shakazobar da ke riƙe tayar gaba, irin Fox 40 mai 203 ko RockShox Boxxer mai 200 ko Öhlins DH38. A baya Trek Session da Specialized Demo suna da 200, Santa Cruz V10 na yanzu 208, Commencal Supreme V5 kuma 220. Duk a wannan ɗan tsakanin suke.

Amma kada ka ɗauka milimita 30 ɗin nan kaɗai kake saye. Fok ɗin keken gangara kafaɗa biyu gare shi, ɗaya a ƙasan wuyan firam ɗaya a samansa, bututunsa kuma sun zarce har ƙarƙashin hannun keke. Aksil ɗin gaba milimita 20 ne, ba 15 ba. Jinginar fok digiri 62 zuwa 63 da rabi. Faifan birki 200 zuwa 220. Giya bakwai ko goma, duk masu nauyi, babu ta hawan tudu. Keken ya kai kilo 16 zuwa 18. Dukkan waɗannan tare suke aiki.

Baban Khalifa: Malam, da girmamawa, ban yarda da "ka ɗauki mai 200" kai tsaye ba. A gasar zakarun duniya ta 2013 a Pietermaritzburg, Afirka ta Kudu, Greg Minnaar ne ya ci a garinsu, Mick Hannah ya zo na biyu, Jared Graves ya zo na uku a kan Yeti SB66, keken enduro mai inci shida a baya, wato kusan milimita 152. Ya wuce mutane da yawa masu kekunan gangara cikakku. Sannan a Red Bull Rampage ta 2021 a jihar Utah, inda ake dira daga kan tsaunuka, Brandon Semenuk ya ci da fok mai kafaɗa ɗaya. To idan waɗannan wuraren ba su tilasta kafaɗa biyu ba, filin da Nura zai je ne zai tilasta?

Malam Habu Mai Keke: Baban Khalifa, misalanka gaskiya ne, sai dai ka dubi hanyoyin. Ta Pietermaritzburg an san ta da doguwar shimfiɗa a tsakiya inda sai an taka feda sosai, shi ya sa ƙaramin keke ya samu riba a can. Semenuk kuma don ya iya juya keke a sama ya zaɓi kafaɗa ɗaya, saboda mai kafaɗa biyu bututunsa na bugun firam, hannu ba ya zagayawa. Firam ɗinsa ma Session ne, na gangara. Kuma diran Rampage a kan gangare mai tsayi ake yinsa, wanda aka gyara ƙasarsa da shebur. Ka kai keken enduro Fort William a Scotland, inda hanyar ta kai kusan kilomita 2.8, saukar mita 555, fiye da minti huɗu ana duka a kan duwatsu, ko Val di Sole a Italiya mai saiwoyi da ramuka. A can ba wanda ke neman nasara da 160.

Injiniya Auwal: Bari in shigo da lissafi, don akwai wani kuskure da ya yaɗu, cewa zurfin shakazoba don tsalle aka yi shi.

Idan abu ya faɗo daga tsayin mita 1.5 a kan ƙasa shimfiɗaɗɗiya, matsakaicin ƙarfin da zai tsayar da shi ya dogara ne da nisan da aka ba shi ya tsaya. A raba tsayin faɗuwa da nisan tsayawa, a ƙara ɗaya, shi ne ninkin nauyinsa. Da a ce mahayi sandararre ne, shakazoba kaɗai ke aiki: 1.5 a raba da 0.2 a ƙara ɗaya, ninki 8.5. Da mai 160, ninki 10.4. To amma mahayi na lanƙwasa gwiwa da hannu, a ce santimita 40. Nisan tsayawa ya koma 0.6 da 0.56, ninkin kuma ya koma 3.5 da 3.7. Kun ga bambancin ya kusa ɓacewa. Ƙafafun mutum sun fi kowane fok zurfi, gangaren wurin dira kuma ya fi su duka tasiri.

Inda ƙafa ba ta iya komai shi ne duka mai sauri a jere. A gudun kilomita 40 a awa keke na cin mita 11 a daƙiƙa. Idan duwatsun na da tazarar mita ɗaya, duka goma sha ɗaya ke nan a daƙiƙa guda. Babu gwiwar da ke iya bin wannan. A nan ne 200 ke nuna kansa.

Ɗanjuma: Injiniya, to ta yaya ƙarin milimita 40 ke taimakawa a nan, tunda kowane dutse ɗaya bai kai ya ƙure shakazobar ba?

Injiniya Auwal: Ta hanya biyu, Ɗanjuma. Ta farko, lotsawa. Idan mahayi ya tsaya a kan feda, shakazoba na nutsewa wani kaso tun kafin a motsa. A keken gangara kashi 30 zuwa 35 ne a baya. Wannan kason shi ne abin da taya ke da shi na miƙewa ƙasa idan ta zo kan rami. Mai 200 da ya lotsa kashi ɗaya cikin uku yana da kusan milimita 65 na bin rami, da 135 na shanye dutse. Mai 160 da ya lotsa kashi 30 yana da 48 da 112. Tayar da ke iya bin ramin tana nan manne da ƙasa, tayar da ke manne da ƙasa ce kuma birki da kwana ke kamawa. Wadda ke shawagi a iska ko ka matse birki har ƙarshe babu abin da zai faru.

Ta biyu, laushin sifirin. Tunda akwai sarari da yawa kafin ƙurewa, ana iya sa sifirin mai laushi a taya ba tare da keken ya riƙa buga ƙarshe ba. Ƙaramin keke dole ya yi tauri don ya tsira daga ƙurewa, wannan taurin kuma a hannu da ƙafar mahayi yake ƙarewa. Sauka ɗaya ba za ka ji ba. A filin da ake hawa da kujerun igiya mutum na sauka sau da yawa a yini, to can wajen la'asar ne hannu ke ƙagewa, yatsu su kasa riƙe birki, a nan kuma ake faɗuwa.

Baban Khalifa: Wannan na karɓa. Amma Injiniya ka ƙara da cewa ba kowace hanya a filin keke ce mai duwatsu ba. A Whistler da ke Kanada, A-Line da ta fi kowace suna hanya ce da aka gina da injin, tsalle bayan tsalle da kwanoni masu bango. A irin wannan, zurfi da yawa cikas ne. Kana danna keke don ka samu gudu daga bayan tudu, sifirin na shanye ƙarfinka. Kana zuwa bakin tsalle, keken na nutsewa maimakon ya ɗaga ka. Wanda yawancin hawansa irin wannan ne, 170 ya fi masa daɗi, kuma ranar da babu kujerun igiya zai iya taka kekensa ya hau. Mai 200 sai dai turawa ko mota.

Nura: Allah ya saka da alheri. Saura tambayata ta biyu, ta 250 da 300.

Baban Khalifa: An gwada, ƙanena, aka dawo. A 1976 da ake tseren Repack a gundumar Marin ta Kaliforniya, kekunan babu shakazoba ko kaɗan. A gasar zakarun duniya ta farko a Durango a 1990, Greg Herbold ya ci gangara da RockShox RS-1, zurfinsa wajen milimita 50. Daga nan aka yi ta ƙari shekara bayan shekara. A farkon shekarun 2000 Marzocchi ta fitar da Super Monster mai 300. Shi kansa V10 daga inci goma ya samo sunansa, wato 254, lokacin da ya fito a 2002. Daga baya aka rage shi zuwa wajen 215, yanzu 208. Kamfanin da ya yi suna da inci goma da kansa ya sauko.

Injiniya Auwal: Dalilin saukowar kuma a awo yake. Ɗauki tsakiyar feda, inda aksil ɗin kurank ya ratsa firam. A keken gangara yana sama da ƙasa da kusan milimita 350. Idan gaba da baya suka ƙure tare, yana sauka kusan 190, saura 160. Hannun feda 165 ne. Ke nan idan feda ɗaya na ƙasa a wannan lokacin, ta riga ta daki ƙasa, shi ya sa ake dira da feda a kwance. Idan ka mai da zurfin 250, dole ka ɗaga tsakiyar feda da kusan 50, mahayi ya koma can sama, keken ya ƙi kwanciya a kwana.

Na biyu, siffar keken na canzawa yayin da yake nutsewa. Fok mai 200 da ke jingine a digiri 63, idan ya ƙure, gaban keke ya sauka milimita 178 a tsaye, tayar gaba kuma ta matso baya da 91. A keke mai tazarar 1,280 tsakanin aksil biyu, wannan na miƙar da jinginar fok da kusan digiri 8, daga 63 zuwa 71, daidai lokacin da kake kan gangare kana matse birki, lokacin da ka fi buƙatar tayar ta yi nesa da kai. Da fok mai 300 canjin ya kai digiri 12. Wannan hanya ce ta wuntsilawa ta kan hannun keke.

Na uku, girman wili. Tun da ƙungiyar Santa Cruz ta shigo da inci 29 gasar Lourdes a 2017, sarari a baya ya ragu: babbar taya mai nutsewa da yawa tana taɓa sirdi, tana taɓa mahayi idan ya ja baya. Shi ya sa da UCI ta halatta haɗa wili biyu daban a 2019, da yawa suka koma 29 a gaba, 27.5 a baya. Babbar taya kuma na haye dutse da sauƙi, ta ɗauke wa shakazoba wani aikin.

Malam Habu Mai Keke: Yanzu bari mu zo inda yawancin mutane ke asara. Mai 200 da aka saita ba daidai ba, mai 160 da aka saita daidai ya fi shi nesa ba kusa ba. Nura, ga yadda ake yi, bi da bi.

Ka sa duk kayan da za ka hau da su. Ka buɗe maɓallan matsewa, wato masu rage saurin nutsewar shakazoba, gaba ɗaya. Wani ya riƙe maka hannun keke, ka tsaya a kan feda yadda kake tsayawa a gangare, ba zama a sirdi ba. Ka ɗan girgiza sau biyu ko uku, ka natsu.

A baya, yawancin kekunan yanzu na ɗauke da shakazoba 250 da 75, wato tsawonta daga ido zuwa ido 250, sandarta na shiga 75. Kashi 30 na 75 shi ne 22.5. Idan mai sifirin ce, ka auna ido zuwa ido kana tsaye a kai, ya kamata ka samu 227 ko 228. Idan ta iska ce, zoben roba da ke kan sanda zai nuna maka. A gaba kashi 15 zuwa 20, wato milimita 30 zuwa 40 a fok mai 200.

Idan lotsawar ta yi yawa a mai sifirin, kada ka yi ta murɗa zoben matse sifirin. Zagaye biyu ne iyaka bayan ya taɓa. Fiye da haka farkon tafiyar na yin tauri, tsakiya na nan da laushinsa, kuma zoben sifirin na iya haɗuwa da juna kafin shakazoba ta ƙure, ya fasa mazauninsa. Sifirin ake canzawa. Ana sayar da su da tazarar fam 25 ko 50.

Nura: Malam, mai kilo 80 da kaya, wane lamba zai fara da shi?

Injiniya Auwal: Malam ya ba ni dama in lissafa. Lambar da ke jikin sifirin, misali 450, tana nufin fam nawa ake buƙata don matse shi inci ɗaya. Kilo 80 na mahayi, a ƙara kusan 12 na ɓangaren keke da ke kan sifirin, 92. Baya na ɗaukar kusan kashi 65, kilo 60 ke nan, fam 132. Taya na tafiya 200 yayin da sanda ke tafiya 75, rabon ya zama 2.67, don haka shakazoba na jin fam 352. A raba da lotsawar da muke so, milimita 22.5 ko inci 0.886, ya ba da kusan 400. Amma a yawancin firam rabon ya fi girma a farkon tafiya, wajen 3 ko fiye, wanda ke kai lissafin kusan 450. To tsakanin 400 da 450. Teburin kamfanin firam ya fi wannan lissafin, awo da tef kuma ya fi teburin.

Wannan canjin rabon ma abin dubawa ne kafin saye. Firam da rabonsa ya tashi daga 3.3 ya sauka zuwa 2.3, wato raguwar kashi 30, yana ƙara tauri zuwa ƙarshe, irinsa ne ya dace da sifirin na ƙarfe. Firam da rabonsa bai cika canzawa ba, idan ka sa masa sifirin zai riƙa ƙurewa ko da 200 gare shi, sai dai ta iska, wadda ita da kanta take ƙara tauri yayin da ɗakin iskar ke matsewa.

Maman Ilham: Sannunku da ƙoƙari. Akwai waɗanda ba a ambata ba, marasa nauyi: mata da yawa da samari masu kilo 50 zuwa 55. Da lissafin Injiniya sifirinsu na faɗawa wajen 300, wani lokaci 275, kuma keke daga kanti yakan zo da 400 ko fiye. Ko an canza sifirin matsalar ba ta ƙare ba, domin bawul ɗin mai da ke ciki an tsara shi ne don matsakaicin nauyi. Sifirin mai laushi ba shi da ƙarfin tura man da sauri, sai ka ga an buɗe maɓallin dawowa har ƙarshe amma shakazoba na dawowa a hankali. Ƙarshenta an sayi 200 ana amfani da 140, ana kuma jan keke mai kilo 17, kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyin mahayin.

Mafita biyu ce. A kai shakazobar wurin masu gyara su sauya faifan bawul zuwa masu laushi, a cire robobin rage ɗakin iska daga fok. Ko kuwa a ɗauki mai 170 ko 180 mara nauyi. Ga mai kilo 50, fok mai kafaɗa ɗaya irin Fox 38 ko RockShox Zeb, masu bututu milimita 38, ba zai lanƙwashe masa yadda zai yi wa mai kilo 95 ba. Nauyin mahayi da gudunsa na cikin amsar tambayar Nura.

Malam Habu Mai Keke: Gaskiyarki Maman Ilham, kuma kin kawo mu kan dawowa, wadda ita ce ke cinye zurfi a ɓoye. Idan dawowa ta yi jinkiri, dutse na farko ya matse shakazoba, kafin ta miƙe na biyu ya zo, na uku ya zo, tana ta shigewa har ta zauna a wuri mai tauri. Mahayi ya ji duka a hannu, ya ɗauka sifirin ne ya yi tauri, ya rage iska, abin ya ƙara lalacewa. Idan kuma ta yi sauri da yawa, baya na harbo mutum a bakin tsalle, gaba na rawa a kwana.

Ana ƙirga kilik na maɓallin dawowa daga rufe, wato ka murɗa dama har ya tsaya, sannan ka buɗe kana ƙirgawa. Fara da lambar da ke littafin. Ka sauko daga dakali mai tsayin santimita 15 kana zaune a sirdi: baya ya nutse, ya dawo, ya ɗan wuce kaɗan, ya tsaya. Idan ya yi lilo sau biyu, rufe kilik ɗaya. Idan ya taso a hankali bai wuce ba, buɗe ɗaya. A fok, ka danna da ƙarfi ka saki hannu: ya dawo da sauri amma taya kada ta bar ƙasa. Gaba ya fi baya sauri kaɗan, kada baya ya fi gaba.

Bayan wannan sai matsewa. Maɓallanta biyu ne: na nutsewa mai jinkiri shi ke riƙe keke a birki da kwana. Idan gaba na nutsewa da yawa a birki, rufe shi kilik biyu kafin ka taɓa iska. Na nutsewa mai sauri shi ke kula da dutse mai kaifi da dira. Abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda, a hanya ɗaya, a rubuta.

Ɗanjuma: Malam, ana cewa dole a ƙure zurfin duka a kowace sauka, in ba haka ba an yi asarar kuɗi. Haka ne?

Malam Habu Mai Keke: A'a. Zoben roba ya kai kusa da ƙarshe a dukan da ya fi kowane girma a hanyar, ya bar milimita 5 zuwa 10 na ranar kuskure, wannan ya yi. A hanya mai santsi ko 150 ka yi amfani da shi babu laifi. Wanda ke sassauta fok don kawai ya ga zobe a sama zai riƙa tafiya da gaba a nutse, nauyinsa duk a hannu. Idan lotsawa daidai take amma kana jin ƙarar ƙurewa sau da yawa, ƙara roba ɗaya a ɗakin iska. Idan daidai take amma kullum saura 30 ko 40, cire ɗaya.

Kuma kada a manta taya, ita ce ke fara karɓar duka. Taya mai bango biyu ta gangara, babu tib, iska wajen 23 zuwa 26 a gaba da 26 zuwa 29 a baya a ma'aunin psi ga mai nauyin Nura. Wanda ya hura 40 don tsoron faci ya kashe aikin fok komai tsadarsa.

Baban Khalifa: Wani ƙarin da ke nuna lamba ba ita kaɗai ba ce: hanyar da aksil ɗin baya ke bi. A firam mai maƙalli a sama, wato inda bayan firam ke juyawa, irin Session na yanzu da Supreme, taya na ja baya yayin da take hawa, don haka ba ta maƙalewa a dutse mai kusurwa. Suna sa ƙaramin gare a sama don sarƙa ta bi ta kai, saboda kada tsawaitar sarƙa ta riƙa fizgar feda baya. Wannan fizgar gaskiya ce. A Leogang ta Ostiriya a 2015 sarƙar Aaron Gwin ta tsinke yana fitowa daga ƙofar farawa, ya sauka babu feda, ya kuma ci gasar. Tun daga nan aka ƙara mai da hankali kan yadda sarƙa ke ɗaure shakazobar baya. Kekuna biyu masu 200 na iya bambanta fiye da mai 200 da mai 180.

Nura: To idan mutum ya sayi na enduro, daga baya ya sa masa fok mai 200, bai haɗa riba biyu ba?

Malam Habu Mai Keke: Kada ka yi, sai in kamfanin firam ya rubuta cewa ya amince. Duk ƙarin milimita 20 a tsawon fok na kwantar da jingina da kusan digiri ɗaya, ya ɗaga tsakiyar feda, ya ƙara ƙarfin da ke murɗa wuyan firam. Wuya ne ke tsagewa, kuma ba ya ba da sanarwa. Yawanci ƙarin 10 ake yarda da shi. Bututun fok mai kafaɗa biyu kuma na bugun gefen firam idan an faɗi, firam ɗin gangara an ƙarfafa wurin, an sa masa roba, na enduro da yawa ba a yi musu ba. A baya ma haka: kada ka sa shakazoba mai sanda mafi tsawo don ƙarin zurfi, taya za ta daki bututun sirdi ko maƙallai su haɗu.

Ka duba rukunin da aka rubuta a firam ko littafinsa, na ma'aunin ASTM mai nuna irin hanyar da aka ƙera keke dominta. Rukuni na 3 tsalle ƙasa da santimita 61, na 4 ƙasa da 122, na 5 shi ne na gangara da manyan tsalle. Wasu kekunan enduro na 4 ne, wasu na 5.

Maman Ilham: A ƙara da gargaɗi ga masu karatu da ba su saba ba. Kekunan nan masu arha da ake gani a kasuwa da ƙaton sifirin a tsakiya da fok mai kama da kafaɗa biyu ba sa cikin wannan maganar. Sifirin ne kawai babu mai a ciki, babu abin da ke riƙe dawowarsa, yadda ya matse haka zai harbo. Kada a kai su gangaren dutse, kada a ba yaro ya yi tsalle da su.

Injiniya Auwal: Nura, ga yadda zan raba maka. Idan kujerun igiya ko mota ne za su riƙa kai ka sama kusan kullum, hanyoyin kuma masu alamar baƙi ne, wato masu wuya, duwatsu da saiwoyi, ko kana da niyyar shiga gasa, 200 gaba da 200 zuwa 220 baya. Idan keke ɗaya za ka mallaka, kana son taka shi zuwa sama wasu ranaku, filin kuma rabinsa hanyoyin tsalle ne masu santsi, 170 ko 180 gaba da 160 zuwa 170 baya, firam na rukuni na 5, da tayoyin gangara. A nauyinka duka biyun za su saitu ba tare da an buɗe bawul ba.

Nura: Na gode ƙwarai. Filin duwatsu ne yawancinsa, don haka mai 200 ne, amma na hannu, sabo ya fi ƙarfin aljihu. Malam, me zan duba?

Malam Habu Mai Keke: Fara da bututun fok. Ka bi su da farce daga sama har ƙasa, duk ƙarzunar da farce ya kama za ta yanka sil, mai ya riƙa zuba. Ka matse birkin gaba ka girgiza keke gaba da baya, yatsanka a inda bututu ya shiga ƙafar fok: idan akwai ƙwas-ƙwas, bushin ya ci. Ka saki iskar fok duka ka danna shi har ƙasa ka auna, ka tabbatar 200 ɗin na nan. Ka duba layin da aka zana a bututu, kafaɗar ƙasa kada ta sauka ƙasa da shi, in ba haka ba taya za ta daki kafaɗa a ƙurewa ta tsaya cak.

A baya ka cire sifirin ka danna shakazoba da hannu. Ta shiga da santsi, ta dawo da kanta har ƙarshe. Idan kana jin ƙarar tsotso ko wani wuri da babu riƙo, iska ta shiga mai. Kada ka buɗe ƙaramin tankin gefe da kanka, akwai gas mai matsi a ciki. Tunda shakazoba na cire, ka ɗaga bayan firam sama da ƙasa ka ji boris ɗin maƙallai, ka kuma ture taya gefe da gefe. Ka haska tocila a wuyan firam, da bakin walda, da inda shakazoba ke ɗaure.

Ka tambayi ranar sabis na ƙarshe. RockShox na cewa a canza man ƙafafun fok duk awa 50 na hawa, babban sabis a awa 200. Fox na cewa awa 125 ko shekara guda, wanda ya riga zuwa. Inda ƙura ta yi yawa a rage tazarar. Idan mai keken bai san ranar ba, ka cire kuɗin sabis na gaba da baya daga farashin, ka kuma sa kuɗin sifirin 400 ko 450 da famfon shakazoba mai kai psi 300 a lissafinka, don famfon taya ba ya wannan aikin.